Kwamfuta ta rikice bayan ofdet ɗin Windows: tambayoyin da ake yawan yi da amsoshinsu

Duk Talata ta biyu a wata Microsoft ke sakin gyare-gyarenta na Windows, a agogonmu na nan yana faɗowa ne wajen magariba, shi ya sa daga safiyar Laraba sai ka ji koke-koke sun fara tashi, wannan sautinsa ya ɗauke, wancan firinta ta ƙi fitar da takarda, wata kuma ta kunna laftof ta tarar da baƙin sikirin babu komai sai ɗan kibiyar maus yana yawo. Tambayoyin kusan iri ɗaya ne suke ta maimaituwa, to ga su nan na tattaro. Abin da nake so ya zauna maka tun yanzu, yawancin ɓarnar da ofdet ke yi ana iya warware ta ba tare da an taɓa fayil ɗinka ko ɗaya ba. Fomatin zaɓi ne na can ƙarshe, amma a wajenmu shi ake fara ambata saboda shi ya fi wa mai gyara sauƙi.

Sunayen wuraren da za a danna na bar su yadda suke fitowa a sikirin, don kada ka je kana neman abin da babu.

Ta yaya ma zan gane ofdet ne ya jawo matsalar?

Da kwanan wata. Shiga Settings, Windows Update, sai Update history. Za ka ga jerin duk abin da ya shiga da ranar da ya shiga, kowanne da lambarsa mai farawa da KB. In ranar da matsalarka ta fara ta yi daidai da ranar da ɗaya daga cikinsu ya shiga to ka kama zaren. Rubuta lambar a takarda, ka nemo ta a intanet, in matsalar ta gama-gari ce za ka tarar wasu sun riga ka kuka, ita ma Microsoft tana da shafin da take lissafa matsalolin da ta amsa cewa daga wajenta ne, sunansa Windows release health.

Ofdet iri biyu ne kuma ya kamata ka bambance su. Akwai ƙaramin na wata-wata, akwai kuma babban da yake canza sigar Windows ɗin gaba ɗaya, irin su 22H2, 23H2, 24H2. Danna maɓallin Windows da R, rubuta winver, zai nuna maka wacce kake kai. Yadda ake cire kowanne daban ne.

Sai dai fa ba kullum ne laifin ofdet ba. Sau da yawa disk ne dama yake kan hanyar mutuwa, ofdet ya zo ya sa shi aikin rubutu mai nauyi na awa ɗaya ko biyu sai ya ƙarasa, kamar tsohuwar mota ce da take lallaɓawa a cikin gari, ranar da aka hau da ita titin Kano zuwa Abuja ranar asirinta ke tonuwa. Ka tuna abin da ya faru ranar 19 ga Yulin 2024, filayen jirgin sama da bankuna da asibitoci a ƙasashe da dama suka tsaya cak da shuɗin sikirin, kowa yana cewa Windows ta lalace, ashe fayil ne guda daga kamfanin tsaro na CrowdStrike. Microsoft ta ce kwamfuta kusan miliyan 8.5 abin ya shafa, kuma maganin goge wannan fayil ɗin ne kawai.

Injiniya tawa ta tsaya a "Working on updates 30%" tun ɗazu, in kashe ta?

A'a dakata tukuna. Wannan lambar ba ta tafiya daidai da aikin, tana iya zama a 30 na tsawon lokaci sai kawai ta yi tsalle. Duba gefen laftof ɗin ko gaban akwatin, in akwai ɗan fitilar disk kuma tana ƙyaftawa to aiki ake yi, ko ka kara hannunka wajen da iska ke fita, in da ɗumi kuma fanka na juyawa ka ƙyale ta. Kwamfutar da ke da HDD, wato tsohon samfurin disk mai juyawa, da RAM 4GB tana iya cin awa biyu har uku a babban ofdet, wannan ba abin mamaki ba ne. Jona ta a caji ka je ka yi wata sabgar. In ta wuce haka, fitila ta daina ƙyaftawa, lambar ba ta motsa ba, to sai ka danne maɓallin kunnawa har ta mutu, ka cire duk wani filash da firinta da ke jikinta, ka sake kunnawa. Yawanci za ta rubuta "Undoing changes made to your computer" ta koma yadda take. Wannan rubutun alheri ne, kada ka katse shi.

NEPA sun ɗauke wuta ana tsakiyar ofdet, yanzu ta ƙi hawa kwata-kwata. Shi ke nan sai fomatin?

Ba shi ke nan ba. Wannan ita ce matsalar da ta fi damunmu a nan, musamman masu destof da babu UPS da masu laftof ɗin gwanjo da batirinsu ya mutu, da an ɗauke wuta sai ɗif.

Windows tana da wani ɗakin gyara nata na daban. Yadda ake shiga: kunna kwamfutar, da ka ga tambarin Windows ko ɗigogin nan sun fara zagayawa sai ka danne maɓallin kunnawa ta mutu, ka maimaita haka sau biyu zuwa uku, a karo na gaba za ta rubuta "Preparing Automatic Repair". Daga nan Advanced options, Troubleshoot, Advanced options kuma. Za ka ga zaɓi da yawa amma ga yadda nake bin su. Farko Startup Repair, ka bar ta ta gwada da kanta. In bai yi ba, Uninstall Updates, a ciki akwai biyu, latest quality update shi ne ƙaramin na wata-wata, latest feature update shi ne babban. Fara da ƙaramin. In shi ma bai yi ba sai System Restore, wanda zai mayar da sistem ɗin yadda yake kwanakin baya ba tare da ya taɓa hotuna da takardunka ba, matsalar dai a kwamfutoci da yawa ba a kunna shi ba tun farko, sai ka shiga ka tarar babu komai.

Akwai kuma Safe Mode, a Startup Settings, ka danna Restart sannan ka danna 4, ko 5 in kana son intanet a ciki. In ta hau a Safe Mode to ka kwantar da hankalinka, disk ɗinka da ransa, kuma abu na farko kafin kowane gyara shi ne ka jona filash ko disk na waje ka kwashe muhimman fayilolinka.

Wani abin haushi, ofdet ɗin Oktoban 2025 na Windows 11 ya sa kibod da maus na USB sun daina aiki a cikin wannan ɗakin gyaran kansa, sai da Microsoft ta fitar da gyaran gaggawa bayan 'yan kwanaki. In ka shiga ka ga babu abin da ke motsi, filash mai ɗauke da Windows za ka nemo ka tayar da ita da shi, a shafi na biyu ka zaɓi gyara maimakon sakawa.

Ta nuno min shuɗin shafi tana neman "BitLocker recovery key", ni ban taɓa sa wani makulli ba

Wannan ce tambayar da ta fi sa ni jin tausayin mutane, don ita ce kaɗai a cikin jerin nan da in abu ya ɓaci babu dabara. BitLocker kulle disk ne, yana rikita duk abin da ke ciki yadda ko an sace laftof an ciro disk ɗin ba za a iya karanta shi ba. A kwamfutoci da yawa yana kunna kansa ne ranar da aka fara shiga da akawun ɗin Microsoft, babu wanda zai tambaye ka, kuma daga 24H2 abin ya ƙara yaɗuwa har a kan Windows 11 Home. Kana ta aikinka ba ka san a kulle take ba, sai ranar da ofdet ya taɓa BIOS, wato saitin da ke fara aiki kafin Windows ta hau, ko tsarin tashin kwamfutar, sai ta yi zaton ɓarawo ne ta nemi makulli. Ya faru da mutane da dama bayan ofdet ɗin Yulin 2024.

Makullin lambobi ne guda 48. Ɗauki wayarka ka buɗe account.microsoft.com/devices/recoverykey ka shiga da imel ɗin da aka yi amfani da shi a kwamfutar, za ka ga makullan, ka duba wanda Key ID ɗinsa ya yi daidai da wanda ke kan sikirin. In kwamfutar ofis ce ko ta makaranta, wajen masu kula da kwamfutocin wurin yake.

Inda gizo ke saƙa shi ne masu sayen laftof na hannu. Ka saya a kasuwa, yaron shago ya saita maka da wani imel da shi kansa ya manta, ko kuma tana ɗauke da akawun ɗin mai ita na farko can Ingila ko Amurka. In makullin bai samu ba, babu injiniyan da zai buɗe, ita kanta Microsoft ba ta iya ƙirƙiro maka wani, duk wanda ya ce kawo kuɗi zai fasa kuɗinka kawai zai ci. Kafin ka fid da rai dai ka gwada kashe ta ka kunna, ka cire duk abin da ke jone, in kuma an taɓa wani abu a BIOS kwanan nan a mayar da shi yadda yake, wani lokaci hakan kaɗai yana wadatarwa. Kai kuma da taka ke aiki lafiya yau, dan Allah je ka duba ko a kulle take, ka kwafi lambar a takarda ka ajiye inda kake ajiye takardun makaranta.

Na kunna na ga destof ɗina fayau, duk fayilolina sun ɓace!

Kada ki ajiye komai sabo a kai, kada kuma ki saukar da wata manhaja tukuna. Galibi ba su ɓace ba, Windows ce ta kasa buɗe akawun ɗinki sai ta shigar da ke wani na wucin gadi, har takan rubuta "You've been signed in with a temporary profile" a ƙasa ta dama, mutane ba sa lura. Buɗe This PC, C, Users, ki nemi folda mai sunanki, ki leƙa Desktop da Documents na ciki. In suna nan to alhamdulillahi, ki kwashe su a filash sannan ki yi ristat sau biyu ko uku, sau da yawa yana dawowa da kansa. Duk abin da kika ajiye a akawun na wucin gadin nan gogewa yake da zarar kin fita.

In babban ofdet ne aka yi, ki duba C, Windows.old, Users. Sannan ki duba OneDrive, ma'ajiyar fayiloli ta Microsoft a intanet, don wani lokaci bayan ofdet wani shafi yana fitowa yana cewa a kammala saiti, mutum ya yi ta danna Next, ashe ya amince an mayar da Desktop da Documents cikin OneDrive.

Ofdet ya taɓa goge fayilolin mutane da gaske? Ƙwarai. Na Oktoban 2018, siga ta 1809, ya share wa wasu abin da ke Documents, har Microsoft ta janye shi ta sake fitarwa a Nuwamba. Ba kasafai ba ne amma ya faru, shi ya sa ba na ganin laifin mai ajiye kwafi biyu.

Na hau Windows 11 ban ji daɗinta ba, zan iya komawa?

Kwana 10 gare ka. Settings, System, Recovery, Go back. Bayan kwana 10 Windows tana goge foldar Windows.old da kanta, maɓallin ya dushe, daga nan sai dai sabon sakawa. Haka nan in kai da kanka ka goge ta don neman fili, ko ka bar wata manhajar shara ta goge, ka rufe wa kanka ƙofa. Ana iya tsawaita wa'adin har kwana 60 amma sai an yi kafin ya ƙare, buɗe Command Prompt a matsayin admin ka rubuta DISM /Online /Set-OSUninstallWindow /Value:60.

Sauti ya ɗauke, ko Wi-Fi ya ɓace gaba ɗaya

Wannan aikin direba ne kusan kullum, wato 'yar manhajar da ke haɗa Windows da kowane sashe na kwamfutar. Windows Update ba gyaran tsaro kawai yake kawowa ba, yana canza direbobi ma, wani lokaci ya cire wanda kamfanin laftof ɗin ya sa ya kawo wanda bai dace ba.

Amma fara da abu mai sauƙi, danna alamar lasifika a ƙasa ka ga ina sautin yake fita, sau da yawa ya koma kan HDMI ko wani bulutut da aka taɓa haɗawa. In makirfo ko kyamara ne suka ƙi a Zoom, duba Privacy & security ko an hana manhajoji amfani da su. In ba nan ba ne, danna dama a kan Start, Device Manager, nemo na'urar, in da alamar rawaya a jikinta to ga mai laifi. Danna ta sau biyu, Driver, Roll Back Driver. In maɓallin a dushe yake sai Uninstall device ka yi ristat, Windows za ta sake sa shi.

Na Wi-Fi akwai ɗan wasa, don kana buƙatar intanet kafin ka sauko da direban intanet. Jona wayarka da kebul ka kunna USB tethering, shi ke nan ka samu hanya. Ka je shafin kamfanin da ya ƙera ta, HP ko Dell ko Lenovo, ka sa lambar da ke manne a ƙarƙashin laftof ɗin, ka ɗauko direba daga can. Manhajojin nan masu cewa za su sabunta maka direbobi duka a danna ɗaya, ni dai ba na sa wa kowa su.

Baƙin sikirin, kibiya kawai nake gani

Danna Windows, Ctrl, Shift da B tare, zai farfaɗo da direban hoto, za ka ji ɗan ƙara. In bai yi ba, Ctrl, Shift da Esc, a Task Manager ka zaɓi Run new task ka rubuta explorer.exe. In destof ya dawo sai ka je ka mayar da direban hoton baya kamar yadda na faɗa a sama.

Muna da shagon buga takardu, tun da aka yi ofdet firinta ta ƙi

Firinta da ofdet daɗaɗɗun abokan gaba ne. A Maris 2021 akwai ofdet ɗin da da ka danna Print sai shuɗin sikirin, musamman a firintocin Kyocera da Ricoh, a shekarar dai kuma gyaran wata ɓarakar tsaro da aka kira PrintNightmare ya hana kwamfutoci da yawa buga takarda a firintar da aka raba ta netwok, lambar kuskuren 0x0000011b. To ba kai kaɗai ba ne Alhaji.

Ga abin yi. Windows da R, rubuta services.msc, nemo Print Spooler ka tsayar da shi. Shiga C:\Windows\System32\spool\PRINTERS ka goge duk abin da ke ciki, ayyukan da suka maƙale ne ba wani abu ba, sannan ka sake kunna Print Spooler. Duba kuma ko Windows ta canza maka firintar da take fara zaɓa, akwai wani saiti Let Windows manage my default printer, kashe shi. In duk bai yi ba, cire firintar, sauko da sabon direba daga kamfaninta, in kuma ka tabbatar ranar ofdet abin ya fara kuma ga kwastomomi a tsaye, cire ofdet ɗin ta Update history, Uninstall updates. Da ka cire ka danna Pause updates, in ba haka ba cikin dare zai dawo abinsa ka wayi gari a inda ka baro.

Ta yi nauyi, fanka sai ihu take, batir ba ya daɗewa

Kwana ɗaya zuwa biyu bayan babban ofdet haka ake yi, tana ta share-share da sake lissafa fayiloli a bayan fage. Bar ta a kunne a jikin caji na 'yan awanni. Kuma ka yi Restart na gaske, don Shut down a Windows 10 da 11 ba ya kashe komai duka saboda Fast Startup, Restart ne yake farawa daga tushe, mutane da yawa ba su san wannan ba. In an kwana uku ba ta sauya ba, buɗe Task Manager ka ga wa ke cin Disk da Memory, ka kashe tarkacen da ke tashi tare da ita a Startup. Batir kuma a Command Prompt rubuta powercfg /batteryreport, zai ba ka rahoto, ka kwatanta Design capacity da Full charge capacity, in na biyun ya koma rabi to batirin ne ya tsufa.

Gaskiyar da ba a son ji, in Disk yana zama 100% kullum kuma HDD ne a ciki, babu saitin da zai cece ka. Sa SSD, sabon samfurin disk mai sauri, ko da 256GB ne, bambancin sai ka rantse sabuwar kwamfuta ce.

Na haɗa hosfot, kafin in ankara data ta ƙare

Windows ba ta san da kuɗi ka saya ba. Settings, Network & internet, Wi-Fi, danna sunan hosfot ɗin ka kunna Metered connection, kowane netwok sai ka yi masa nasa daban. Zai hana manyan saukarwa, ko da yake wasu gyare-gyaren da ta ɗauka na dole suna iya wucewa. Sannan a Windows Update, Advanced options, Delivery Optimization, kashe Allow downloads from other devices. OneDrive ma ɓarawon data ne in yana ɗora hotuna. Ofdet ɗin kuma ka tara shi sai ka samu Wi-Fi na ofis ko garaɓasar dare.

Ofdet ɗin ne ma ya ƙi shiga, kullum sai ya ba ni wata lamba

Lambar tana da ma'ana. 0x80070070 fili ne babu a C, ka rage kaya. 0x800f081f wasu fayilolin sistem ne suka ɓace ko suka lalace. Ga na biyun buɗe Command Prompt na admin ka rubuta DISM /Online /Cleanup-Image /RestoreHealth, yana son intanet kuma yana iya daɗewa a wuri ɗaya, ka yi haƙuri, in ya gama sai sfc /scannow. In saukarwar ce ta katse a hanya saboda netwok, tsayar da Windows Update a services.msc, canza wa foldar C:\Windows\SoftwareDistribution suna, ka sake kunnawa, zai sauko da sabo. Duba agogo da kwanan watan kwamfutar ma, in ƙaramin batirin CMOS ya mutu tana komawa wata tsohuwar shekara sai komai ya ƙi.

Wani lokacin kuma ba daga wajenka ba ne sam. A Janairun 2024 ofdet mai lamba KB5034441 ya yi ta faɗuwa da 0x80070643 a ɗimbin kwamfutocin Windows 10 saboda ɗan sashen gyara na disk ɗin ya yi masa kaɗan, mutane suka yi ta wahalar da kansu alhali kwamfutarsu lafiyarta ƙalau.

Shuɗin sikirin yana zuwa yana tafiya

Ɗauki hotonsa da waya kafin ya ɓace. Abin da ake nema shi ne Stop code da ke ƙasa, da sunan fayil mai ƙarewa da .sys in ya nuna, shi zai gaya maka direban da ya yi laifi. A sabbin Windows 11 tun 2025 shafin ya koma baƙi amma bayanin na nan. In INACCESSIBLE_BOOT_DEVICE ne, a duba BIOS ko saitin disk ya sauya tsakanin AHCI da RAID. In kuma kowane lokaci lamba daban take bayarwa, ni RAM nake fara zargi, a ciro shi a goge a mayar, ko a gwada da Windows Memory Diagnostic. Tsohon antibairos da ba a sabunta ba shi ma yana haddasa wannan, cire shi ka gani, Windows Security da ke ciki ya ishi yawancin mutane.

Haruffan ƙ, ɗ da ɓ sun daina fitowa, alamar @ ma ta canza wuri

Tsarin kibod ne ya sauya. Windows da Space zai zagaya da kai cikin waɗanda ke akwai. In @ da alamar zance sun yi musaya to tsakanin kibod ɗin Ingila da na Amurka ne. In na Hausa ya fita daga jerin, koma Time & language, Language, ka ƙara shi, yana cikin Windows ba sai ka sauko da wata manhaja ba.

To ni in kashe ofdet ɗin gaba ɗaya mana in huta?

Na fahimci haushin amma ban goyi baya ba. A Mayun 2017 WannaCry ta kulle kwamfutoci a ƙasashe sama da 150, har asibitocin Ingila sai da suka soke ganin marasa lafiya, alhali Microsoft ta fitar da gyaran wannan ɓarakar tun Maris, waɗanda ba su sa ba su ta kama. In kana shiga banki ko imel da kwamfutar, barin ta babu gyaran tsaro gudun gara ne a faɗa gidan zago.

Abin da nake ba da shawara jinkiri ne. Ana iya dakatar da ofdet har mako 5. Ka bari a yi mako ɗaya ko biyu da fitowarsa, in akwai matsala wasu za su fara cin karo da ita a gyara, sannan ka zaɓi ranar da akwai wuta ko janareto, ba daren da za ka miƙa furojet ba. Saita Active hours don kada ta yi ristat kana tsakiyar aiki, kuma ka rabu da waɗanda aka rubuta wa Preview ko Optional sai in akwai abin da kake nema a ciki.

An ce Windows 10 ta ƙare, tawa kuma an ce ba za ta ɗauki 11 ba

Tallafinta ya ƙare ranar 14 ga Oktoban 2025. Ba wai za ta daina kunnuwa ba ne, gyaran tsaro na kyauta ne ya tsaya, sai ga wanda ya shiga shirin ESU na ci gaba da samun gyaran tsaro, da ya ƙara wa masu amfanin gida shekara ɗaya zuwa 13 ga Oktoban 2026. Windows 11 tana son TPM 2.0, wani ɗan sashen tsaro da ke cikin kwamfutar, da RAM 4GB, fili 64GB, da furosesa daga Intel ƙarni na 8 ko Ryzen 2000 zuwa sama, ka ga ke nan tarin laftof ɗin gwanjo masu ƙarni na 4 zuwa na 7 da suka cika kasuwanninmu ba sa ciki. Kafin ka yanke hukunci dai a leƙa BIOS, wani lokaci TPM ɗin yana nan a kashe ne kawai, Intel suna kiransa PTT, AMD kuma fTPM.

Ana tsallake sharuɗɗan a sa ta da ƙarfi, kuma tana aiki, amma ka sani babban ofdet ba lallai ya zo maka da kansa ba, Microsoft kuma ta ce ba ta ɗauki alhaki ba. Masu tsofaffi sosai irin Core 2 Duo, 24H2 ba ta tashi a kansu ko an yi dabarar. Irin waɗannan Linux Mint ya fi musu, in dai aikin bai wuce burauza da rubutu ba.

Mu masu Mac da Linux fa?

A Ubuntu da danginsa, in sabon kernel, wato zuciyar sistem ɗin, ya hana Wi-Fi ko hoto aiki, a shafin GRUB da ke fitowa lokacin tashi zaɓi Advanced options ka tashi da tsohon, yana nan ba a goge shi ba. A Mac mai Intel danne Shift lokacin tashi don Safe Mode, mai M1 zuwa sama kuma danne maɓallin kunnawa har zaɓuɓɓuka su fito. Komawa tsohuwar sigar macOS ba ta da maɓalli ɗaya irin na Windows, don haka a adana kwafin komai da Time Machine kafin a hau sabuwa.

Yaushe ne fomatin ya zama dole?

In an cire ofdet, an gwada Safe Mode, an yi DISM da sfc, abu ya ƙi. Ko a nan ma akwai matakai biyu kafin a share komai. Na farko sake ɗora Windows a kan kanta, a Windows 11 yana System, Recovery, Fix problems using Windows Update, ko a sauko da ISO, fayil ɗin saka Windows, daga shafin Microsoft, ya haura 5GB, a buɗe shi daga cikin Windows a danna setup a zaɓi Keep personal files and apps, manhajojinka da fayilolinka duk suna nan. Na biyu Reset this PC da Keep my files, shi yana barin fayiloli amma yana cire manhajoji, sai ka sake sa Office da sauransu.

In za ka kai wa mai gyara, ka kwashe kayanka da hannunka tukuna in tana hawa, in ba ta hawa ka ce a ciro disk ɗin a kwafe maka a gabanka, kada ka tsaya a Desktop da Documents kawai, akwai Downloads, akwai faswod ɗin da burauza ta adana, akwai bayanan manhajar lissafin shago da galibi suke ɓoye a wata folda daban a C. Ka tambaye shi wace Windows zai sa maka kuma daga ina ya samo ta, don laftof ɗin da ta zo da lasisinta na asali tana kunna kanta da zarar ta hau intanet, in dai irin sigar da ta zo da ita aka mayar, Home a kan Home, Pro a kan Pro. Sannan ka ce a duba lafiyar disk ɗin da CrystalDiskInfo kafin a fara, in ya nuna Caution ko Bad a canza shi tukuna.